Faliyo Ko Gyaran Tukunyar Gida: Wanne Ya Dace da Gida Mai Ƙananan Yara?

Ƙanwata ce ta kira ni bayan isha'i, muryarta a dagule. Maigidanta ya je asibiti an ce sugansa ya fara hawa, ga tumbi ya yi gaba. Ya dawo ya kwana uku yana kallon bidiyo a waya, daga nan ya sanar da gida cewa daga ranar Asabar an daina tuwo. Ba shinkafa, ba wake, ba fura da nono. Kowa zai koma "abincin mutanen farko", har da yaran, babbar shekararta huɗu, ƙaramin wata goma sha takwas. Ta ce, "Yaya, ni ban ƙi ba, na san tsoro ne ya kama shi. Amma me zan ba Auta da safe?"

Tambayar nan tata ita ce gaba ɗayan maganar, don haka na zauna na auna hanyoyin da ke gabanta.

Tsarin da ake rubuta sunansa Paleo, mu ce faliyo, daga Amurka ya taso. A 1985 likitoci biyu, Boyd Eaton da Melvin Konner, suka buga wata muƙala suna cewa jikin ɗan Adam ya saba da abincin mafarauta da masu tsintar 'ya'yan itace, noma kuwa bai wuce shekara dubu goma ba, don haka cututtukan zamani irin su ciwon suga da hawan jini suna da nasaba da sauyin cimar. A 2002 wani malamin jami'a a jihar Kolorado, Loren Cordain, ya mayar da ra'ayin littafi, daga nan abin ya bazu. Ƙa'idar a taƙaice: a ci nama, kifi, ƙwai, ganyaye, kayan marmari da 'ya'yan itace masu ɓawo irin su yazawa. A bar hatsi kowane iri, a bar dangin wake, a bar madara da duk abin da aka yi da ita, a bar suga, gishirin da ake ƙarawa, da kayan kanti.

Idan aka karanta jerin a Turance ba ya tayar da hankali. Sai an shiga madafinmu da shi. Gero, dawa, masara, shinkafa, alkama da acca sun fita, wato tuwo, kunu, koko, fura, waina, dambu da burabusko sun tafi. Wake, gurjiya da waken suya sun fita, wato babu ƙosai, alale, ɗanwake da awara. Gyaɗa ma a dangin wake take, saboda haka man gyaɗa da ƙuli-ƙuli sun bi su, kuma wanda ya yi murna cewa zai rayu da tsire da kilishi ya sake tunani, don da tunkuza ake yi musu ado. Daddawa daga kalwar ɗorawa take, ita ma 'yar dangi ce. Nono, kindirmo da man shanu sun tafi. Abin da ya rage: nama, kifi, kaza, ƙwai, fara, dankalin Hausa, kabewa, zogale, kuka, rama, alayyahu, kuɓewa, riɗi, aya, da su goruba, kanya, ɗinya da magarya. Doya da rogo wasu malaman faliyo sun yarda da su, wasu sun ƙi.

Hanyoyi uku ne a gaban uwargida. Ta farko, kowa ya shiga faliyo gaba ɗaya, babba da yaro. Ta biyu, tukunya biyu: manya su yi faliyo, yara su ci gaba da abin da suka saba. Ta uku, tukunya ɗaya amma a gyara ta: a bar hatsi da wake da nono a wurinsu, a kori suga da kayan leda, a ƙara ƙwai da kifi da ganye, babban da ke da larura ya rage malmalarsa.

Inda faliyo ya yi gaskiya

Kada a yi masa rowar yabo. Gidan da ya shiga faliyo ya rabu da lemon kwalba, biskit, alewa, taliyar leda, burodi da shayi mai cokali huɗu na suga a rana ɗaya. Wannan kaɗai riba ce babba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son sugan da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin yini, idan da hali ma ya sauka ƙasa da kashi 5, kuma yaron birni da ke zuwa makaranta da lemon kwali da biskit yakan wuce wannan kafin azahar.

Na biyu, faliyo yana dawo da nama da ƙwai gaban yaro. A gidajenmu da yawa tsoka ta maigida ce, yaro sai romo da ƙashi, wasu ma har yanzu suna hana yaro ƙwai wai kada ya yi sata. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 68 cikin ɗari na yara 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini. Sinadarin ƙarfe da ke cikin nama da hanta jiki ya fi saurin ɗaukarsa a kan na hatsi da ganye. A wannan fage, tukunyar faliyo ta fi tuwo da miyar kuka marar nama nesa ba kusa ba. Sai dai a lura: duk ribar nan biyu, hanya ta uku ma tana kawo su. Ba sai an kori gero ba kafin a kori biskit.

Ƙashin yaro

Nan ne na fi daɗewa, don nan ne hatsarin yake a ɓoye. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 yana bukatar kimanin miligiram 700 na kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, a yini bisa ma'aunin da ake bi a Amurka, ɗan shekara 4 zuwa 8 kuma 1,000. Kofi ɗaya na madara ko kindirmo yana ba da kusan 300. Nama kusan ba shi da komai a wannan fanni. Romon ƙashi, wanda masu faliyo ke ɗaukaka shi kamar magani, kalsiyam ɗin da ke narkewa a cikinsa ɗan kaɗan ne ƙwarai, komai daɗewar da ya yi a wuta.

Wannan kuwa ba labarin ƙasar sanyi ba ne. A Jos aka yi ɗaya daga cikin manyan binciken duniya kan cutar laushin ƙashi, wadda ke sa ƙafar yaro ta yi gwame ko ta lanƙwashe kamar baka. An buga shi a 1999, yara 123 aka duba. A Turai rashin hasken rana ke kawo cutar, mu kuwa rana ba ta yi mana rowa ba. Abin da aka gano shi ne yaran suna samun kalsiyam kimanin miligiram 200 kacal a yini, kuma waɗanda aka ba kalsiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. Wato yaranmu da dama, tun ba a hana su nono ba, a bakin gaɓa suke. Yaya ke nan idan aka ɗauke ƙwaryar nonon da gangan?

Mai kare faliyo zai ce ai akwai kuka, zogale, riɗi da ƙananan kifi busassu da ake ci har ƙaya. Gaskiya ne, duk suna da kalsiyam, kuma garin kuka yana da shi sosai. Matsalar ita ce adadi. Miyar da ɗan shekara biyu ke lasa a bakin lomarsa ba ta kai ta cike gurbin kofi biyu na kindirmo ba, kuma duk wadda ta taɓa bin yaro da cokalin ganye tana lallashi ta san yadda ake ƙarewa. Ana iya yi, amma sai da lissafi kullum, da mai ba da shawara kan abinci, sau da yawa da ƙwayar ƙari. A hanya ta biyu da ta uku wannan aikin bai taso ba: kindirmo marar suga sau ɗaya ko biyu a yini, ga kuka da kifi a miya, an yi nisa.

Gishiri ma haka. Faliyo na ainihi ya hana ƙara shi, wasu kuma sun koma gishirin dutse mai launin hoda da ake sayarwa da tsada, wanda yawanci ba a sa masa aidin, sinadarin da ke hana maƙoƙo, ba. Najeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci tun farkon shekarun 1990, shi ya sa maƙoƙo ya yi ƙaranci a kan yadda iyayenmu suka san shi. Ƙwaƙwalwar yaro mai tasowa tana bukatar aidin. Idan an cire gishirin kanti, an cire madara, kifin teku kuma ba kullum ba, to daga ina zai zo?

Cikin yaro da aljihun uba

Tumbin ƙaramin yaro ɗan kaɗan ne, amma aikin da ke gabansa babba: yana girma, yana guje-guje daga safe har dare. Ɗan shekara 2 zuwa 4 yana bukatar kalori, wato ma'aunin ƙarfin abinci, 1,000 zuwa 1,400 a yini. Faliyo kuwa abin da ya sa yake rage wa babba ƙiba shi ne yana ƙosarwa da wuri, mutum ya ci kaɗan ya ji ya ƙoshi. Abin da yake alheri ga mai tumbi, ga yaro akasi ne. Sai ya ci tsoka biyu da yankan kankana ya ture kwano, alhali bai samu rabin abin da jikinsa ke nema ba.

A yi lissafin kasuwa kuma. Kilo ɗaya na gero yana da kalori wajen 3,500. Ƙwai ɗaya wajen 70. Ke nan sai an tara ƙwai hamsin kafin a kamo ƙarfin kilo ɗaya na gero. Kowa ya ɗauki farashin garinsu na yau ya gwada, ba sai na faɗa ba. Dankali da doya suna rage wannan giɓin, amma suna da lokacinsu, ba sa ajiyuwa kamar hatsi a buhu, kuma furotin ɗinsu bai kai na gero da wake ba. Haɗarin da na fi gani ga mai matsakaicin ƙarfi shi ne ya fara da zafi, nama da kifi mako biyu, tsakiyar wata kuɗi su ja baya, a wayi gari an hana yara tuwo da wake, naman da aka yi alkawari kuma bai zo ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Akwai wani abu da ke tsaya mini a rai duk lokacin da na ji ana kiran gyaɗa da madara guba. Abincin tamowa da ake rabawa a asibitoci cikin 'yar leda, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996 kuma ya yi suna lokacin yunwar Nijar ta 2005 a yankin Maraɗi, da me aka yi shi? Markaɗaɗɗiyar gyaɗa, garin madara, mai, suga da sinadarai. Kusan duk abin da faliyo ya haramta. Da shi aka tashi yaran da suka kusa tafiya. A yankin da binciken 2018 ya ce kashi 57 cikin ɗari na yaran Arewa maso Yamma sun tsumbure, ya kamata a yi taka-tsantsan da duk tsarin da ke rage wa yaro kalar abinci. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ke amfani da shi ga 'yan wata 6 zuwa 23 shi ne yaro ya ci daga rukuni biyar cikin takwas a yini. Faliyo ya toshe rukunin madara gaba ɗaya, ya ɗebe rabin rukunin hatsi da saiwa, ya ɗebe rabin na wake da gyaɗa.

Ga jariri kuwa babu ma zancen zaɓi. Nonon uwa zalla wata shida, a ci gaba har shekara biyu tare da abinci. A 2015 a Ostireliya, kamfanin ɗab'i ya janye daga buga wani littafin girkin faliyo na jarirai da wani fitaccen mai girkin talabijin, Pete Evans, ya sa hannu a ciki, bayan masana lafiya sun yi gargaɗi kan wani haɗi na hanta da romon ƙashi da aka kawo a madadin madarar jarirai: bitamin A ɗin da ke ciki ya ninka iyakar da jariri zai iya ɗauka sau kusan goma. Hanta tana da kyau, amma 'yar kaɗan, kamar sau ɗaya a mako. Zuma kuma, wadda faliyo ya amince da ita a madadin suga, ba a ba ɗan ƙasa da shekara ɗaya.

Wai kakanni ba su ci hatsi ba

Wannan hujjar ce ta fi jan hankalin mijin ƙanwar tawa, ita ce kuma ta fi rauni. A wani kogo da ake kira Ngalue a Mozambik, an samu burbushin dawar daji a jikin duwatsun aiki masu shekara wajen 100,000. A bakin Tafkin Tabariyya da ke Gabas ta Tsakiya, a wurin da ake kira Ohalo, an samu dutsen niƙa da hatsin daji na shekara 23,000, tun kafin a san noma. Mutanen Hadza na Tanzaniya, waɗanda har yau wasunsu ke rayuwa da farauta, kaso mai yawa na cimarsu zuma ce da saiwoyi da 'ya'yan kuka, nama sai ranar da aka dace. Babu wani abinci ɗaya da za a ce shi ne na mutanen farko; kowa abin da dajinsa ya ba shi ya ci.

Jiki ma bai tsaya cak ba. Gero a Sahel ɗin nan aka fara noma shi, an samu alamarsa a arewacin Mali tun shekara 4,500 da suka wuce. Al'ummomin da suka daɗe suna cin abinci mai sitaci sukan fi yawan ƙwayar halittar da ke narkar da shi tun daga yawu. Fulani da yawa suna riƙe da ikon narkar da madara har tsufa, abin da kiwo ya haifar cikin 'yan dubban shekaru. Wanda ɗanyar madara ke murɗa wa ciki kuma, sau da yawa kindirmo ba ya damunsa, don tsamin ya cinye wani ɓangare na sugan da ke cikinta.

Zargin da ake wa hatsi da wake cewa suna ɗauke da sinadarin da ke tare ƙarfe da zinki yana da tushe. Amma maganinsa yana madafin iyayenmu tun da can: jiƙa gero ya kwana, barin kamu ya yi tsami, tsirar da hatsi, jiƙa wake a wanke, tsima kalwa ta zama daddawa. Duk suna rage shi. Matse lemon tsami a abinci, ko ba yaro gwaiba ko lemon zaƙi bayan ya ci wake, yana ƙara ɗaukar ƙarfen. Abin tsoro na gaske a gyaɗa da masara shi ne fumfuna, mai guba ga hanta. Wannan a zaɓe, a zubar da mai ɗaci da mai baƙi, a adana a busasshen wuri.

To binciken likitoci fa? Akwai, amma ƙanana ne kuma a kan manya aka yi su. Wanda aka fi ambata shi ne na jami'ar Umeya a Suwidin, mata 70 masu ƙiba da suka daina al'ada, aka bi su shekara biyu. A wata shida, masu faliyo sun fi sauke kitse a kan masu bin tsarin cin lafiya na ƙasar. Da aka kai shekara biyu, tazarar ta ragu har ba a ɗauke ta bambanci ba, kuma a cikin matan nan aka ga aidin ya ragu a jikin masu faliyo. Sakamakon matar da ta haura hamsin tana neman rage ƙiba ba ya zama hujja ga ɗan wata goma sha takwas da ake so ya ƙara nauyi.

Tsakanin tukunya biyu da tukunya ɗaya

Da na cire hanya ta farko, sai zaɓin ya koma tsakanin waɗannan. Tukunya biyu tana da kyau a baki: maigida ya yi abinsa, yara ba a taɓa su ba. Wahalarta a kan uwargida take sauka, girki biyu sau uku a yini, gas ko gawayi ninki biyu. Akwai kuma abin da ba a faɗa: idan kuɗin cefane bai ƙaru ba, naman gidan gaba ɗaya zai koma kwanon mai faliyo, yara su koma tuwo da miya tsura, su fi da can asara. Ga yaro mai ido, yana ganin Baba na cin kaza shi an tura masa ɗumame. Wannan hanyar ta dace ne kawai inda akwai wadata, kuma likita ya san da ita, musamman ga mai shan maganin suga, don yanke sitaci kwatsam tare da magani yana iya sauke sugan fiye da kima.

Tukunya ɗaya da aka gyara ba ta da suna mai daɗin faɗa a bidiyo, amma ita ce ke jure zaman gida. Yaranmu ba a gidan iyayensu kaɗai suke ci ba. Akwai gidan Hajiya, akwai maƙwabta, akwai suna da biki, akwai tara a Islamiyya. Wa zai je ya gaya wa kaka kada ta dama wa jikanta fura? Yaron da aka koya wa cewa tuwo guba ne, ko dai ya riƙa ci a ɓoye, ko ya tashi yana tsoron abincin mutanensa.

Akwai yaran da dole a cire musu wani abu, amma likita ne ke faɗa, kuma abu ɗaya ake cirewa. Mai cutar da alkama ke lalata wa hanji zai bar alkama da sha'ir, gero da dawa da masara da shinkafa da acca kuwa duk halal ne gare shi. Mai borin jini da madarar shanu ko gyaɗa zai bar wannan kaɗai, a nemo masa madadi. Mai sikila kuma ƙarin abinci yake bukata, kada a kusance shi da wani tsarin ragi.

Ga abin da na rubuta wa ƙanwata ta manna a jikin firji. Da safe, kunun gyaɗa ko koko ba suga sai ɗan dabino, da dafaffen ƙwai ga kowane yaro. Maigida ƙwai biyu da kwaɗon zogale, kunu rabin kofi. Da rana, wake da 'yar shinkafa ko faten dankali da alayyahu da kifi. Maigida waken ya fi yawa, shinkafar cokali kaɗan. La'asar, kindirmo da ayaba ko gwanda a madadin biskit. Da dare, tuwon dawa ko gero da miyar kuka ko kuɓewa, a fara cire wa yara tsokarsu a daddage ta kafin a zuba na manya. Maigida malmala ɗaya ƙarama, miya da yawa. Gishiri mai aidin, kaɗan. Lemon kwalba sai ranar sallah. Duk wata a kai Auta awo, a duba katinsa a ga layin yana hawa.

Ta karanta ta ce, "Yaya, ai wannan abincin Inna ne, ƙwai kawai kika ƙara." Na ce ta ƙara da kifin, kuma ta tura maigidan ya koma wurin likitansa da takardar a hannu kafin Asabar.